Jar Alamar da Na Sa wa Baba Fannami

Assalamu alaikum Admin da duk masu bibiyar wannan shafi, Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na san kafin ku gama karantawa wasu za su ji kamar su shaƙe ni, ban hana kowa jin haushi ba, amma ku bari in kai ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Juma'a nake bukatarta.

Ni matashi ne a Maiduguri, ina da ɗan shago a Hausari inda nake gyaran waya da buga takardu. Kwamfuta na karanta, kuma ni mutum ne mai rawar kai, in abu ya shiga raina ba mai iya zaunar da ni. Duk wanda ya san garin nan tun da rikici ya koro mutanen ƙauye ya san yadda manoma suka cika gari babu gona. Wasunsu suka koma gyaran ciyawa da furanni a gidajen masu hali da masaukan ƙungiyoyin agaji. Da safe za ka gan su a gindin dalbejiya bakin titi, kowa da addarsa da laujensa da almakashi, suna jiran mai mota ya tsaya. Ga gidaje can ciyawa ta kai gwiwa, ga masu aiki nan a zaune, amma wa zai buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa a wannan zamani? Sai na ce bari in haɗa manhaja a waya, mai gida ya shiga ya ga hoton ma'aikaci da sunansa da aikin da ya iya, ko da inji yake yanka ko da hannu, ya zaɓa ya kira. A gefen kowane hoto akwai koriyar alama, ma'ana mun tantance shi: ya kawo takardar Bulama, wato mai unguwarsa, da katin shaida, da mutum biyu da suka tsaya masa. Duk sana'ar a kan wannan alamar take tsaye.

Ranar da na fara zuwa gindin bishiyar nan ba wanda ya kula ni, gani suke yaron gwamnati ne ya zo rubuta sunaye. Wani dattijo ne kawai ya matsa mini a benci, ya yi mini sannu da Kanuri ya ce, "Wushe, ɗana, zauna ka faɗa mana abin da ke tafe da kai." Shi ne Baba Fannami. Manomi ne daga wani ƙauye ta wajen Konduga, yanzu yana haya a ɗaki ɗaya a Bulabulin da matarsa da jikokinsa mata biyu. Bai iya karatun boko ba, wayarsa ƙarama ce mai tocila, amma in ya aske ciyawar gida sai ka rantse shimfiɗa ta aka yi. Shi ya fassara musu maganata da Kanuri, shi ya fara tsayawa na ɗauke shi hoto, yana ta gyara hula kamar ango. Da suka ga Baba ya yarda, sai suka biyo baya har mutum talatin da wani abu. Gidajen da yake wa aiki tun kafin ya san ni ma shi ya kai ni ƙofa ƙofa yana cewa, "Wannan ɗana ne, ku sa abin nasa a wayarku." To ku riƙe wannan a ranku.

Da damina ta kama na samu damar da nake ta roƙo. Shugaban wata babbar unguwa ta masu hali, wani Alhaji, ya yarda in zo taron kwamitin tsaronsu in nuna musu manhajar, in ta yi musu duk gidajen unguwar za su koma ɗaukar masu gyaran ciyawa ta hannuna. Na ci ado, na haɗa kwamfuta da allon bango, na yi ta zuba kamar rediyo. Komai na tafiya daidai sai wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai farin gilashi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na ga kowa kore ne. Tantancewar da ba ta taɓa kayar da kowa ba, tantancewa ce ko ɗaukar hoto?" Aka yi dariya. Gaskiyar magana ita ce kowa ya cika sharaɗi shi ya sa kowa kore, kuma da na faɗi haka da ba abin da zai same ni sai wataƙila su ce in dawo wani lokaci. Amma ina, ni sarkin wayo ba zan yarda a yi mini dariya ba. Na ce su ba ni minti ɗaya in buɗo jerin waɗanda muka ƙi. Na sunkuya a kwamfutata, na duba sunaye, na zaɓi wanda na san ba shi da babbar waya, bai iya karatu ba, ba zai taɓa gani ba. Na mayar da alamar Baba Fannami ja, na haska fuskarsa a bango da hular nan tasa, na ce, "Ga misali, wannan bai tsallake tantancewarmu ba." Sai Alhaji ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya ji magana, aka amince da ni a take.

Wallahi ko keken komawa gida ban shiga ba sai da na mayar da alamar kore. A raina na ce shi ke nan, wa ya sani? Ashe lokacin da fuskar Baba take bango wani ya ɗaga waya ya ɗauka. Bayan kwana uku na je kasuwa wajen Oga Emeka mai sayar da kayan inji, ina neman wa wani ma'aikacinmu igiyar injin yankan ciyawa, sai ya jawo ni gefe ya nuna mini wayarsa. Hoton Baba ne da jar alama, an turo shi a zauren hira na 'yan kasuwa da ke waya, a ƙasa wani ya ƙara da nasa rubutun cewa a kula da wannan mutumin, yana shiga gidaje da sunan lambu yana leƙen asiri. Oga Emeka ya ce, "Ba tsohon da yake zuwa wasa adda a nan ba ne? Me ya yi?" Na ce masa ina sauri. Ku da ba a garin nan kuke ba, ban san yadda zan fahimtar da ku nauyin wannan magana ba. A nan in aka ce a kula da mutum, kuma mutumin ɗan gudun hijira ne daga ƙauyen da ke bakin daji, ba wanda zai tambayi a kula da shi saboda me.

A nan ne ya kamata in tsaya in rubuta cewa ƙarya na yi, ko ba haka ba? Ban yi ba. Ayyuka sun fara shigowa, wayata ba ta hutawa, mutanen gindin bishiya sun daina zama, kowa yana sa mini albarka. Ana cikin haka Hajiya Bintu ta kira ni, wadda Baba ya shekara huɗu yana kula da lambunta, shi ya dasa mata duk lemon da ke gidan. Ta ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, me kuka gano a kan Fannami? Mutumin nan har kicin ɗina yake shiga ya sha ruwa." Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na tuna mijinta yana cikin kwamitin nan. Kun san me na ce mata? Na ce, "Hajiya, ba maganar waya ba ce." Ban ce ya yi wani abu ba, amma na san abin da za ta ji, kuma shi ta ji. Washegari mai gadinta ya miƙo wa Baba tiyonsa da almakashinsa ta saman ƙofa. Wannan kalma tawa ta fi abin da na yi a taron ci mini rai, don a taron zan iya cewa ruɗewa na yi, amma wannan a zaune nake cikin hankalina.

Cikin mako biyu duk gidajen da Baba yake wa aiki suka sallame shi, har waɗanda shi ya kai ni wajensu. Ya zo shagona da hoton a wayar wani maƙwabcinsa, ba faɗa, ba ɗaga murya, ya ce, "Ɗana, an ce abinka ne ya sa mini jan fenti. Ni ban gane ba, ka duba mini." Na kasa kallon idonsa, na ce wasu ɓata-gari ne suka kutsa cikin manhajar suka lalata, amma na gyara, na nuna masa koriyar alamar. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma ashe suna binka da sharri. Allah ya tsare maka sana'arka." Jama'a, mutumin da na kashe wa suna shi yake yi mini jaje. Da ya tafi na rufe shago na zauna a ciki, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tun daga ranar kusan kullum sai ya biyo da safe ya tambaya ko waya ta kira sunansa, ni kuma in ce masa ya ƙara haƙuri. Na gwada tura shi gidaje biyu da kaina, duka suka dawo da shi daga bakin ƙofa. Ya rame, ya daina zuwa gindin bishiya saboda sauran sun fara janye jiki, ya ce a masallacin unguwarsu ma in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya bar tazara. Jikokinsa sun daina zuwa ɗibar ruwa saboda abin da yara suke kiransu da shi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne magana ta kai inda ba zan iya ɓuya ba. Mai gidan da suke haya ya ce ko dai Bulama ya wanke shi ko su kwashe kayansu, kuma samarin sintiri na unguwar sun ce in ba a warware ba dole su miƙa shi ga hukuma a bincike shi. Kun san wanda aka tafi da shi a kan irin wannan zargi ba a sa masa ranar dawowa, balle tsoho mai hawan jini. Bulama kuwa ransa a ɓace yake, don shi da kansa ya sa hannu a takardar Baba, yana so ya ji me aka gano wanda shi bai sani ba. Ya sa zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce Baba ya zo da wanda ya san aikinsa, kuma ya aika wa Alhaji shugaban unguwar can, inda hoton ya fito, cewa ya turo wakili. Baba bai zaɓi kowa ba sai ni.

Yanzu ku duba inda na tsaya. Maganar ɓata-gari ba za ta yi aiki ba, don wakilin zai ce a gabansu na faɗa da bakina. In na tsaya a kan cewa bai tsallake ba, na ceci manhajata na miƙa Baba da hannuna, wannan kam ko tunaninsa ba na so in yi, amma ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya raya mini shi. In kuma na faɗi gaskiya, koriyar alama ta zama wasan yara, wa zai ƙara yarda da tantancewar mutumin da yake canza ta don kar a yi masa dariya? Mutum talatin da wani abu za su koma gindin bishiya ana tsakiyar damina, su da ba su yi wa kowa laifi ba, ni kuma ban san abin da hukuma za ta yi da wanda ya tayar da irin wannan ƙura a kan ƙarya ba. Tsoro nake ji, ba na musu. Kuma ko na faɗa a gaban Bulama, hoton da ya zaga wayoyin rabin gari wa zai bi shi ya goge? Ko in fara samun Baba ni da shi kafin ranar? Da wane baki zan fara?

Yau da safe na zo buɗe shago na tarar da shi a durƙushe da laujensa, ya gama nome ciyawar da ta fito a bakin ƙofata, har ya share ya tara a gefe. Na ce, "Baba, wa ya sa ka wannan aiki?" Ya miƙe da ƙyar yana riƙe da ƙugu ya ce, "Hannu ne ya gaji da zama. Kuma mutumin da zai tsaya mini a gaban Bulama, bai kamata a ga ƙofarsa da ciyawa ba." Ya goge laujen a jikin wandonsa, sannan ya ce, "Wanda ya yi mini wannan abu na bar shi da Allah, ba na ma son in san shi. Kai dai ka zo ka faɗa musu abin da ka sani, shi ke nan."

Abin da na sani yake so in faɗa, kuma saura kwana biyu. Don Allah jama'a, me zan yi?