Kuɗina Ba Su Da Asali, Ni Ne Mai Asali

Zuwa ga Mai Girma Daraktan bankin da nake ajiya a Birnin Konni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ni ne Alhasan Agali, manomin albasa daga karkarar Dogarawa. Na rubuto a fili ne don a buronka, wato ofishinka, an hana ni zama, balle magana.

Na farko. Tun ina saurayi nake kawo muku abin da albasa ta bari. Ba a taɓa tambayar kuɗina ɗan gidan wa ne ba. Hannu biyu ake karɓa, har da murmushi.

Na biyu. Bayan girbin bara na nemi rancen jaka ɗari uku na sefa in sayi injin ban-ruwa. Garkar da nake noma ta aro ce, kuma mai ita ya ce bana sai mai inji zai ba. Ma'aikacinka ya ji sunan mahaifina, ya ɗago kai ya dube ni, ya tambaya ko mu ne waɗanda kakanninsu aka mallaka. Sannan ya ce irinmu ba su da ƙasa, wanda ba shi da ƙasa kuwa ba shi da jingina. A gaban mutane ya faɗa, yana dariya. Wallahi har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Gaskiya ne, ba mu gaji gona ba. Kakana ya yi wa wasu noma har ya mutu bai mallaki ko taki ɗaya ba. Wannan laifina ne? An hana kaka ƙasa, yau ana hana jika rance don ba shi da ƙasar da aka hana kakansa. To, yaushe za mu tashi?

Na uku. Maƙwabcina Sani, wanda ko rabin albasata bai taɓa cirewa ba, kun ba shi rance a mako guda saboda takardar gadon gidansu. Ya sayi inji, aka karɓe garkar aka ba shi, har da rijiyar da mahaifina ya haƙa da hannunsa. Ban ga laifin Sani ba. Amma na san cikin kuɗin da kuka ba shi akwai gumina. Kun dafa ni da ruwan jikina.

Ranka ya daɗe, ga abin da ma'aikacinka bai lissafa ba. Wanda ba a sayar wa ƙasa, a banki yake ajiya. Mu ne ke cika layinku duk kakar albasa. Na bi rugage da ƙauyuka daga Dogarawa har Bazaga, a Hausa da Tamajak, na ba kowa labarin nan, ban rage ko dariyar ba. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Buƙatata biyu ce. Ma'aikacin nan ya ba ni haƙuri a gaban mutane, inda ya ci mutuncina. Kuma ku karɓi ajiyar mutum da shaidar abokan nomansa a matsayin jingina. In ba haka ba, ranar kasuwar Konni ta farko bayan an cire albasa, za mu zo gaba ɗayanmu, maza da mata, kowa ya karɓi nasa har dala ta ƙarshe. Sai ku ranta wa masu asali daga asalinsu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwananka, ya sa kana kan kujerarka ranar da za mu zo.

Wassalam.

Alhasan Agali