Ƙasarun Kunya

Laraba, 5 ga Afrilu 1967
An kawo surukata daga Tama a bayan kamyon masu albasa. Gali, wan matata Jaratu, shi ya rako ta. Ina jin mota ta tsaya ƙofar gida na ɗauki takalmina na fice ta baya, wai na manta wani abu a dispansar, ƙaramin asibitin da nake aiki. Ban manta komai ba. Sai da aka shigar da ita ɗakin gabas na dawo, na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa, ta amsa da bakin Jaratu kamar yadda aka saba. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Sunanta kuwa ko a takardar nan ba zan iya sa shi ba. Inna dai.

Gali ya ce likitan Tawa ya duba, ciwon daji ne a mama, ya riga ya fashe, wuƙa ba ta da sauran aiki. A riƙa wanke gyambon kullum, shi ke nan. Ya ce: “Gidan mai allura munka kawo ta, sauran ya rage gare ku.” Bai lura da abin da ya ɗora mini ba.

Juma'a, 7 ga Afrilu
Na sa an kafa zana a ƙofar ɗakinta. Ina tsaye ta waje ina faɗa, Jaratu na ciki tana yi: tafasasshen ruwa da gishiri, auduga, bandi. Ga ta da ƙaramin ciki, ga wari. Sau biyu ta fito da gudu ta yi amai a gindin iccen bedi. Inna ba ta ko yi tari ba.

Litinin, 10 ga Afrilu
Yau na wanke wa matar wani Buzu ƙurji a cinya, ban ko ji nauyi ba. Baƙuwa ce.

Alhamis, 20 ga Afrilu
Matan unguwa sun ji labarin malamar Tama tana gidanmu. Da la'asar suke taruwa, tana biya musu karatu tana kwance. Ni kuma na tsiri gyaran keke a bayan zana, keken da lafiyarsa lau.

Ashe haka muryarta take! Tana ba mutane dariya. Yau ta ba su labarin yadda babanta ya koya mata karatu a ruga, tana kiwon maruƙa da allo a hammata, har ya ce nasa ya ƙare, ya kai ta Sakkwato wajen wata tsohuwar malama. Daga nan ta gangaro kan Sanda, marigayi mijinta, wanda ko alif bai sani ba. Da suka ɗauki hanyar Makka a ƙasa, jakinsu ya mutu bayan sun wuce Tafkin Cadi, sai ya ɗaure littattafanta ya saɓa a bayansa. 'Yan ayari suka sa masa suna jakin malama. Ta ce: “In an kira shi hakanan sai shi yi kukan jaki, kowa shi hwashe da dariya, shi kau shi gyara kaya nai mu wuce.”

Na yi dariya a bayan zana, na toshe baki da sauri. Allah ya sa ba ta ji ba.

Talata, 2 ga Mayu
Zafi ya tsananta, ƙudaje sun samu gida. Jaratu ta same ni a zaure idonta jawur, ta ce ta ga tsutsa a ciki, kuma akwai rami ta ƙasan hammata da ba ta iya sa hannu. Na ce ta ƙara gishiri. Ni da bakina, ni da na yi karatun aikin nan a Yamai, wai ta ƙara gishiri.

Ta ce: “Kana wanke ma duk Buzaye, uwata kaɗai ce ba mutum ba?”

Na ce me mutane za su ce. Ta dube ni ta tafi. Na je na roƙi majo, babbanmu a wurin aiki, ko za a samo ma'aikaciya mace daga Madawa, ya ce mace ɗaya ce can, kuma karɓar haihuwa ta yi mata yawa. Shi kansa zai fita rangadin rigakafi, sai bayan wata.

Laraba, 3 ga Mayu
Na ɗauki faranti da kayan aiki har bakin zana. Na tsaya. Na ji tana nishi a hankali don kada a ji. Na koma. Kunya nake ji in shiga, kunya nake ji ban shiga ba, ta biyun ta fi ciwo amma ta farkon ce ke riƙe da ƙafata.

Asabar, 6 ga Mayu
Bari in rubuta tun ban manta ba.

Matan sun zo karatu, muryarta ta yi ƙasa sosai, amma yau sai ta ɗaga ta, kamar mai son a ji daga waje. Babin sallar matafiyi take biya musu. Ta ce Allah da kansa ya rage wa matafiyi, raka'a huɗu ta koma biyu, shi ne ƙasaru, kuma wanda ya ƙi karɓar sauƙin ba tsoron Allah ya fi kowa ba, taurin kai ne. Sai ta koma kan Sanda. Ta ce har suka haifi Gali ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. A hanyar Sudan kayansu suka ƙare, sai ƙwarya ɗaya ta rage musu. Ta yi kwana biyu tana cewa ta ƙoshi. Rana ta uku ya ajiye ƙwaryar tsakaninsu ya ce in ba ta ci ba shi ma ba zai ci ba, sai su mutu tare da kunyarsu a bar wa ungulu littattafai.

“Nac ci,” in ji ta. “Ina ci ina kuka, shi kau yana ta tura min wajen da ya hi nono. Aradu ban taɓa cin abin da ya kai wannan daɗi ba.”

Matan suka yi dariya. Ta bari suka gama, sannan ta ce: “Jaratu, hwaɗa ma mai gyaran keke, ni matahiya ce yanzu, kayana a ɗaure suke. Shi yi ƙasarun kunyar nan shi shigo.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe duk kwanakin nan ta san ina nan.

Matan suka watse sumui-sumui. Na wanke hannu na shiga da baya-baya kamar ɓarawo. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta bar mini wajen ciwon kaɗai, ta juya kai bango tana karanta wani abu. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Na cire abin da za a cire, na wanke, na cusa auduga har cikin ramin, na yi mata allurar kashe zafi. Gumi har cikin idona. Da na gama ta ce wa bango: “Hannun wanga yaro da sanyi shike.”

Na fito na zauna bayan rumbu na yi kuka kamar wanda aka yi wa duka. Wata guda cur. Da tun ranar da ta zo na shiga, da ramin nan bai kai haka ba. Na san aikina, ba mai ruɗa ni a kan wannan.

Lahadi, 7 ga Mayu
Ta yi barci da rana har da minshari, in ji Jaratu. Ta sha fura rabin ludayi.

Alhamis, 25 ga Mayu
Gali ya zo ba sanarwa, ya tarar da ni ina fitowa daga ɗakin da faranti. Bai amsa gaisuwata ba. A zaure ya ce lakwal, karatun Nasara, ta cinye mini kunya, a danginsu ba a taɓa yin suruki ya ga jikin surukarsa ba, zai mai da ita Tama. Ni kaina rabin zuciyata tana bayansa. Inna ce ta aiko a kira shi. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, da Fulatanci suka yi, amma ya fito yana share ido da bakin rawani, ya hau doki bai ci abinci ba.

A kasuwa mahauta sun yi shiru da na zo wucewa. Wani ya yi tari. Na sayi nama ban ko taya ba don in bar wurin.

Juma'a, 16 ga Yuni
Ruwan farko. Ta sa aka ɗage zana don ta ji ƙanshin ƙasa.

Yanzu kullum da hantsi nake shiga. Har yau bango take yi wa magana, ni kuma faranti nake ba amsa. Bango ya sha labari: yadda suka tsinci auduga a Sudan har damina uku kafin su samu na jirgi, yadda ta koyi Larabcin kasuwa wajen masu sayar da shayi, yadda ta ga teku ta ce wa Sanda wannan ai ba ruwa ba ne, wata sama ce aka shimfiɗa. A hanyar dawowa ya rasu, zazzaɓi, a wani ƙauye da ta manta sunansa. Kansa a cinyarta, a gaban 'yan ayari duka. Ta ce ba ta ji kunyar kowa ba, kuma littattafan ita ta ɗauko su har Tama, sai a lokacin ta san nauyinsu.

Na tambayi faranti ko ba ta tsoro. Ta ce wa bango tana tsoro mana, wane matafiyi ne ba ya tsoro, amma akwai wanda ya riga ta gaba, kuma ya iya jira.

Talata, 11 ga Yuli
Allura ta daina riƙe ta. Hannun ya kumbura har yatsu. Ina ɗaure bandi mayafin ya zame, na ga fuskarta. Ƙarama ce, da tsage biyu a kumatu, idon Jaratu sak. Ba ta ja mayafin ba. Ta dube ni ta ce: “Alƙasim, sannu.”

Sunana, da bakinta. Na ce: “Yawwa, Inna.” Iyakar abin da na iya ke nan. Ina da maganar wata gudan nan a bakina, in roƙi gafara, ta ƙi fita.

Laraba, 19 ga Yuli
Bayan azahar. Allah ya jiƙanta.

Lahadi, 23 ga Yuli
Mata sun cika gida, har daga Allakaye da Keita, kowace da abin da ta koya wajenta. Wata ta ce ita ta koya mata Fatiha bayan ta yi jika. Littattafan suna nan a gafakarsu, igiyar da Sanda ya ɗaure su da ita ta yi baƙi. Gali ya zauna kusa da ni wajen karɓar gaisuwa. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Da hantsi na tafasa ruwa da gishiri kafin in tuna.

Talata, 12 ga Satumba
Sunan 'yar da Jaratu ta haifa. Tun jiya aka shirya cewa sunan kakarta za ta ci, Gali ne zai raɗa wa liman, mu kuma mu riƙa kiranta Inna ƙarama yadda ake yi. Da liman ya waiwayo ya tambaya, Gali yana can yana fama da rago, sai kawai na faɗa. Ba wani abu ba ne, don kada a tsai da mutane ne, rana ta fara zafi. Wataƙila muryata ta ɗan fita fiye da yadda na so, don na ga tsofaffi sun dubi juna.

Da yamma na karɓe ta don uwarta ta ci abinci. Na sake faɗa a hankali, in ji ko ya dace da ita. Furera. Ta buɗe ido ta rufe. Jaratu ta tsaya da loma a hannu tana kallona, ban kau da kai ba.

Na ga har na rubuta shi a nan. Da tawada ne, ba ya gogewa.