Sandar Tsohuwar Bene

Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ina maigidanki da yaran?

Ni lafiyata ƙalau, zama ne dai ya gagare ni. Aikin sa-kan ba shi da laifi: in auna jarirai a ƙaramin asibitinmu, su tsula min fitsari a hannu, in dawo gida. Gidan ne matsala. Gado ne da kujera da risho, sai taga mai kallon bangon wasu. Na juya gadon ya kalli ƙofa, na mayar, na sake juyawa. Har kayan da ba su yi datti ba na wanke.

Ga kuma mai gidan, wata tsohuwa da ke saman bene ita kaɗai. Kullum da safe ina ɗora ruwan shayi sai in ji ƙwan-ƙwan-ƙwan, tana buga sandarta daidai saman kaina. Kin san ni da buruntu, sai na ce shi ke nan, na dame ta. Na daina waƙa, na daina sharar sassafe, sanɗa nake yi a ɗakina kamar ɓarauniya. Amma ina! Bugun bai fasa ba. Yaren mutanen garin nan bai zauna a bakina ba balle in hau in ji laifina.

Wallahi na gaji, Yaya. Na sauko da akwatina, ina jin gida zan dawo. Kada ki gaya wa Inna, don dama ta ce Auta ba za ta kai ƙarshen shekara ba.

Ki shafa min kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Da fatan Inna ta samu sauƙi, ku ma kuna lafiya.

Shekaranjiya na ɗora ruwa, sai na ji shiru. Na ce madalla, yau na huta. Na haɗa shayi, na kasa sha. Na sa takalmi, na cire. Har na kai bakin titi na juyo, zuciyata ta ƙi kwanciya, na hau benen nan da ban taɓa hawa ba.

A ƙasan banɗaki na same ta, ta zame, sandar ta yi can gefe inda hannunta ba ya kaiwa. Na ƙwalla wa mai gyaran keken ƙofar gida kira, muka kai ta asibiti. Karaya ce a ƙugu, amma an ce za ta tashi.

'Yarta ce ta zo ta warware min, rabi da baki rabi da hannu. Ashe tun rasuwar mijinta, duk ɗan sa-kan da aka sauka a ɗakin nan haka suke yi: ta buga, shi kuma ya buga silin da sandar goge-goge, kowa ya san ɗan'uwansa ya tashi lafiya. Ni ba wanda ya gaya min. Gaishe ni baiwar Allah take yi tun zuwana, ina ta ɓoye mata motsina. Ni, Yaya! Ni da Inna ke cewa har kajin maƙwabta nake gaisarwa. Kuma ko sau ɗaya ba ta yi fushi ta fasa ba. Na yi kuka har mai keke ya rasa inda zai sa idonsa.

Na mayar da akwati saman kwaba, ina nan. Ba a sallamo ta ba tukuna, amma yau da safe sai da na buga silin.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Lokacin da nake gida, ni ce mai fara tura ƙofar Inna da safe. Tunda na taho, wa yake yi? Ki amsa min wannan kafin komai.

Taki har kullum,
Auta