Allon da Auta Ya Rataya a Kan Kujerata

Litinin, 5 ga Mayu

Ajiye almakashin nan, Mai Ɗinki, ki saurare ni yanzu. Ba anjima ba, yanzu. Ga littafi, ga biro, tun safe suke ƙarƙashin matashina. Abin da ya fito daga bakina shi za ki rubuta, kada ki gyara min magana, ni ba makaranta na yi ba. Sa ranar a sama.

Rubuta: ɗan yatsan ƙafata na hagu ya yi baƙi. Babban. Sati uku ke nan. Da ƙafar tebur na yi tuntuɓe, teburin da shekara tara yana gefen taga. Auta ne ya jawo shi bakin hanyar banɗaki, wai yana son fili a tsakiyar falo saboda abin da ya sayo na ɗaurawa a fuska. Ni ga ciwon suga, ga ido ba ƙwari. Na buge, ya fashe, ya ƙi warkewa.

Na faɗa masa. Wannan ki rubuta shi da kyau. Ranar Alhamis da ta wuce ina kan kujerata, yana tsaye yana kallona sosai, na ce Auta, ƙafata ba daidai ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, na gani." Har yau ko kallon ƙafar bai yi ba.

In wani abu ya same ni, a buɗe littafin nan a gani. Na faɗa masa, abin nan yana ɗaure a fuskarsa.

Talata, 6 ga Mayu

Shi Auta yana da sunan da yake kiran abin fuskar nan, harshena ba ya kamawa. Ni takunkumi nake ce masa. Baƙin gilashi ne mai kauri, ya rufe daga goshi har hanci, da maɗauri ta ƙeya. Mutum ɗan shekara arba'in da ɗaya, mai zanen gidajen mutane, a tsakiyar falo yana tsunkulin iska da yatsu biyu kamar mai kamun sauro. Ya juya nan ya ture abin da babu, ya juya can ya yi dariya da wanda babu.

Na ce ka cire, ina son ganin idonka. Ya ce, "Inna, ai ina ganinki tsaf. Amfaninsa ke nan. Ga ki, ga falo, ga aikina a rataye."

Amfani. Sa'a biyu ya mutu, sai an jona shi a bango. In ya cire, fuskarsa ta yi sawu ja zagaye kamar an kifa masa kwano, yana murza wuya, yana neman maganin ciwon kai. Shekara nawa yana zane a kwamfutarsa, wane gida ne ya rushe?

Alhamis, 8 ga Mayu

Yatsan ya fara wari. Na sa safa biyu. Shi ke nan na yau, rufe.

Asabar, 10 ga Mayu

Babbar 'yata ta kira daga can inda take aure. Ba gaisuwa ce ta sa ta kira ba, tambaya ce. Wai mijinta ya ga takunkumin Auta a hoto, ransa ya biya, a saya ko kada a saya? Na ce in kin gaji da mijin, saya masa. Zai zauna a gabanki da safe har yamma, ba ya nan kuma bai fita ba. Ta yi ta dariya, wai Inna ba kya son ci gaba. Na ce ci gaban da mutum zai sa hannu yana laluben kofin shayinsa kamar sabon makaho, na yafe.

Me kika ce? A'a, ban faɗa mata ba. Ana faɗar irin wannan a waya? Ta tashi hankalinta a banza, ga yara, ga nisa. Ke dai rubutu na ce ki yi, ba alƙalanci ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Karo na uku ke nan ina faɗa masa. Na ce masa Auta, ƙafar nan tana hana ni barci. Ya kalle ni, ya ɗaga hannu ya share iska gefe guda, ya ce, "A'a, a matsar da shi dama kaɗan." Sai ya yi murmushi. Uwarsa na cewa ciwo, yana cewa dama kaɗan.

Kin ce in bari ya cire. Yaushe yake cirewa? Lokacin cin abinci, na ji. To a kan abinci zan kawo zancen ruɓaɓɓen yatsa, matarsa na zaune ta dawo daga kanti a gajiye? Ke haka aka koya miki?

Yayata ma da yatsa ta fara. Ba ki san ta ba, ta rasu kafin ki tare a benen nan. Da ƙafarta ta shiga asibiti, tana yi wa direban tsiya a hanya. Aka ce yatsa kawai. Sati biyu aka ce idon sawu. Da aka dawo da ita gida, zanin a kwance yake shafal daga gwiwa. Ni na dinga ɗaukar ta zuwa banɗaki wata bakwai.

Wannan ba na littafi ba ne. Kin riga kin rubuta? Bar shi.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau ki yi sauri kafin in huce, ba na son in huce.

Ya ga ina fushi kwana biyu, wai bari ya lallashe ni. "Inna, sa ki gani da idonki, sai ki daina zaginsa." Na ce ba zan sa ba. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya ɗaura min. Nauyi kamar an ɗora min dutsen guga a goshi, ga warin zufarsa.

Na ga falo. Gaskiya ana gani, sai dai kamar ta cikin ruwa. Ga taga, ga teburin nan la'ananne, ga Auta tsaye yana washe baki. Ga wasu alluna a rataye a iska ba igiya, ɗaya a kan firij, ɗaya kusa da ƙofa. Na juya ina neman kujerata.

Babu ita, Mai Ɗinki. Wani ƙaton allo ne a wurin, fari fat, da zanen matakalar gidan wani. Ya rufe kujerar daga sama har hannuwanta. Ƙafafun kujerar kawai ke leƙowa ta ƙasa.

Na ce wannan fa? Ya ce, ko kunya babu, "Nan na kafa babban allon, Inna. Kusurwarki ce kaɗai ba a giftawa, ke kuma ba kya yawan motsi." Ga wasu abubuwa da yake cusawa a kunne, yana magana da masu ginin. Duk gyaɗa kan nan, duk "na gani" ɗin nan, da su yake. Wata biyu ina zaune a bayan matakalar wani ina ba ta labari. Har labarin babansa na ba ta.

Bai ma gane abin da ya faɗa ba. Sai cewa ya yi tsaya ki ga wani abu, ya taɓa, sai ga kifaye sun cika falo, manya, masu launi, suna wucewa ta ƙarƙashin tebur. Ɗaya ya nufo ƙafata. Na ɗage ta da sauri, ta bugi kujera, daidai wurin. Na yi ƙara. Shi kuwa har da riƙe ciki, wai Inna na tsoron kifi.

Kifayen dai suna da kyau. Kada ki sa wannan. To sa, amma ba shi ne zancen ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau Mai Ɗinki aiki ya yi mata yawa, matar Auta ce ke rubuta min. Sabon shafi na ce ki buɗe, 'yar nan, na baya ba naki ba ne.

Rubuta: lafiya lau muka tashi. An yi zafi. Surukata yarinyar kirki ce, tana wanke min kaya ba ta taɓa ɓata rai ba. Rubuta mana, ai gaskiya ce.

Ta ce ita ma sai ta taɓa kafaɗarsa kafin ya san ta dawo. Ta ce ran nan ta yi sabon kitso, ya kalle ta ya ce bangon ya karkace. Mun yi dariya.

Safa? Sanyi nake ji a ƙafa, tsufa ne. Warin kuma daga magudanar banɗaki ne, na sha faɗa a kira mai gyara. Miƙo littafin haka nan, ya isa.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban so kiranki ba yau, Mai Ɗinki, don babu wani ne. Jiya kin ci mutuncina a ɗakina. Wa ya ce ki cire min safa? Na ce kalla daga nesa, kika kama kika zare, kika toshe hanci kika hau salati kamar kin ga gawa.

Kuma abin da kika faɗa, ki rubuta shi da hannunki, a san ke kika faɗa. Wai ni nake zaɓar lokacin da ya ɗaura abin kafin in yi magana. Wai na fi kowa sanin ba ya ji. Wai littafin nan na buɗe shi ne don in samu wanda zan ɗora wa. Ni? Da na haife shi, na goya shi, na yi jinyar ƙyandarsa ba barci? Ke da kika zo jiya-jiya, ɗinkin ma hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Wa ya jawo tebur? Wa ya rataya allo a kaina? Ni na sayo abin?

Kin ce kwana uku kika ba ni, in ban faɗa ba ke za ki faɗa. Gidanku ne?

Litinin, 19 ga Mayu

Jiya Auta bai sa takunkumin ba ko sau ɗaya. Kansa ke ciwo tun safe, ya ce idonsa kamar an zuba yashi. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, fuska a buɗe. Na manta yana da furfura a gefen kunne. Ya ɓare min lemo, yana ciccire zaren nan fari don ya san ba na so. Ya ce ya sauke allon daga kusurwata, ya mayar bakin ƙofa, matarsa ta yi masa faɗa. Ya ce, "Ki yafe ni, Inna, wallahi ban yi tunani ba."

Sai ya kalle ni. Ido cikin ido, ba gilashi ba komai. Ya ce, "Kin rame. Lafiya dai ko?"

Na ja zani na rufe ƙafar. Na ce lafiya ƙalau.

Muka zauna har rana ta sauka daga taga. Abin yana kan tebur a jone da bango, ɗan haskensa yana ƙiftawa. Ni kuwa ina ta kallonsa, ina cewa a raina ya tashi ya ɗauka mana.

Kada ki ce komai. Na ga bakinki yana motsi.

Talata, 20 ga Mayu

Zazzaɓi tun asuba. Baƙin ya haura zuwa kan ƙafa, ba na iya taka ta, da bango na je banɗaki. Zauna kusa, muryata ba ta fita.

Har yanzu ina nan kan bakana, abin nan ba na falo ba ne. In 'yata ta sake tambaya, a ce mijin ya saya in aiki zai yi da shi, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, a san ba ya nan. Abin da ke sa mutum ya yi kama da mai sauraro alhali ba ya ji, ba a zama da shi cikin mutane. Wani ma sai ya samu wurin ɓuya a bayansa. Ban ce wa ba.

Shafukan farko, inda na ce a buɗe a gani. Yage su. Ba yanzu ba, gama wannan tukun. Ki tafi da su gidanki cikin ƙyallayenki, kada ya gani. Yaron nan in ya karanta cewa sau uku na faɗa masa, ba zai ƙara zana ko ɗakin kaji ba. Kuma ba haka aka yi ba. Haka aka yi, amma ba haka ba ne.

Ki ɗauko min zanina mai ruwan ƙasa da katin asibitin suga, yana cikin gwangwanin allura. In sun ce yatsa, su ɗauka. In sun ce fiye, ki riƙe min hannu, kada ki bar ni da su ni kaɗai. Za ki zo? Ɗinkin mutane ya jira.

A'a, kada ki kira 'yata tukun, za ta kira Auta tana kuka tana zagi. Matarsa ma a bari ta dawo. Ba na so ya ji a bakin kowa, ke ma ba ke za ki faɗa ba. Yana falo, ina jin takunsa. Je ki taɓa shi, ki ce Inna na kira, ki tsaya har ya shigo. Safar ni zan cire da hannuna.

Auta za a fara faɗa wa.