Saƙon Saja Wilayat

Tandabawi, Makka
20 ga Zulƙida, 1371

Zuwa ga ɗan'uwana Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Saudatu da yara. Yaya ƙafar? Har yanzu tana tashi in damina ta kama? Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi, wanda tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Hadijatu tana gaishe ku.

Aikina yana nan yadda ka sani. Mu huɗu muke ɗaukar shibriyya, gadon nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi. Shekaranjiya muɗawwafi, jagoran alhazai, ya kira mu mu ɗauki wani alhaji cikin mutanen Pakistan da jirgin Karaci ya sauke. Na sunkuya zan gyara masa haraminsa, sai ya dube ni ya ce da guntuwar Hausar nan tasa, "Mukhtar, sanda ƙasa."

Saja Wilayat ne, Ja'afaru. Wanda ya koya mana hoki, wato ƙwallon gora, a sansanin soja da ke kusa da Ranci a Indiya kafin a kai mu Burma, wanda ya ce mana ya buga a gasar ƙasashen duniya a Berlin. Ya rame, ƙirjinsa yana kuka kamar zugazugi. Mutumin da ba mu iya kamo shi a fili, yanzu ban ji nauyinsa a kaina ba.

Na san in kai ne da ka yi kuka. Ni na ce masa sannu da zuwa, na ɗauki gefena, muka yi zagaye bakwai. Tun yaƙin Kaladan a Burma haka nake. Abu yakan faru a gabana, in gan shi sarai, amma ba ya shiga. Na ɗauko shi daga masaukinsu na kawo shi gida, don su goma sha biyu ne a ɗaki ɗaya. Hadijatu tana dama masa kunu.

Ya tambaye ka. Na ce kana koyar da yaran makarantar midil ƙwallon gora, kana kuma faɗa musu cewa malaminka ya buga a Berlin. Ya juya fuskarsa bango.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Mukhtaru

Tandabawi, Makka
3 ga Zulhajji, 1371

Zuwa ga ɗan'uwana Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya, kamar yadda muke a nan. Na san ta farko ba ta kai gare ka ba tukuna, amma Saja ne ya sa ni in rubuta wannan, yana kwance yana kallon hannuna.

Kwana biyu yana ba ni tarihin gasar nan ta ƙasashen duniya, shekara bayan shekara, kamar mai biya karatu. Ya ce Ingilishi ne suka fara cinye ta. Indiya ta shiga a 1928 a Amsterdam, ta ɗauki kambi ba wanda ya jefa mata ko ƙwallo ɗaya. A 1932 a Amurka ƙasashe uku ne kawai suka je, aka ci masu masauki ashirin da huɗu da ɗaya. A 1936 aka ci Jamus takwas da ɗaya a gidanta, a Berlin. Sai yaƙi ya zo, aka tsallake biyu. Da aka dawo a London a 1948, an riga an raba ƙasarsu, waɗanda suka tashi a fili ɗaya suka je da tuta biyu. Indiya ta ci. Bana ma a Helsinki, watan jiya, ita ta ci, Pakistan ta zo ta huɗu. A Karaci ya ji, kafin ya hau jirgi.

Da ya gama sai ya ce ba ya cikin ko ɗaya. Ya je zaɓen 'yan wasa na Berlin, ya kai har ranar ƙarshe, aka karanta sunaye babu nasa. Ya sa rai da ta 1940, yaƙi ya cinye ta. Ranar da muka tambaye shi a Ranci, mu baƙi ne daga nesa, ba mu da hanyar sani, sai ya ji bakinsa ya ce ya je. Duk abin da ya ba mu labari, filin da ruwan sama da taron, a jarida ya karanta.

Ya kuma faɗa mini cewa matarsa da 'ya'yansa mata biyu sun hau jirgin ƙasa zuwa Lahor shekarar da aka raba ƙasar, ba su sauka da rai ba. Ya faɗe shi da muryar da ya faɗi ƙwallayen Amurka. Ni ma da irin kunnen na saurara. Hadijatu ce ta bar wajen.

Ni na ce na yafe, bai yi mini wuya ba, don ban ji an ɗauke mini komai ba. Ya ce nawa mai sauƙi ne. Kai ne ya sa ka tsaya gaban yara shekara da shekaru kana faɗin abin da ba haka ba. Yana roƙonka gafara, yana kuma roƙo ka gaya wa yaran gaskiya. Yana so ya ji amsarka kafin Arfa. Na gaya masa saura kwana shida, wasiƙa kuwa wata biyu take yi. Ya ce in aika dai.

Wassalam.

Naka,
Mukhtaru

Tandabawi, Makka
9 ga Muharram, 1372

Zuwa ga ɗan'uwana Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da Saudatu da yara, da fatan kun yi salla lafiya. Mu ma lafiya lau. Alhazai sun watse, gari ya yi shiru.

Saja Wilayat ya rasu a Mina ranar jifa ta biyu, da hantsi. Ya samu Arfa. Ni da abokan aikina muka yi masa wanka, muka kai shi. Allah ya jiƙansa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai Hadijatu. Tun da muka bar Makka zazzaɓi ya rikita masa kwanaki. Kullum sai ya tambaye ni ko amsar Ja'afar ta zo, in ce tukuna. Ranar Arfa bayan azahar, muna cikin tanti, mutane suna ta addu'a, shi ya ƙi ɗaga hannu. Ya ce da wace fuska. Rana tana tafiya. Sai na zaro takardar muɗawwafi da ke cikin ɗamarata, mai sunayen waɗanda za mu ɗauka, na buɗe na ce ga ta ta iso.

Na karanta masa da Hausa, ina fassarawa da ɗan abin da na riƙe na harshensu. Na ce ka ce ka yafe duniya da lahira. Na ce ka tara yaran a fili ka gaya musu, sun ce ba komai, wasan da suka koya dai nasa ne. Ya ce in maimaita wajen yaran. Na maimaita. Sannan ya ɗaga hannuwansa, na tallafe masa su har rana ta faɗi.

A Arfa na yi wannan, Ja'afaru, da harami a jikina, da sunanka. Na jira in ji tsoro, ko nadama, ko sanyi a rai. Har yau ban ji ɗaya ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa Harami.

Ban san abin da za ka yanke ba, kuma hakkinka ne. In ka yafe, ka tara yaran, ka rubuto mini da hannunka, abin da na karanta ya zama gaskiya ko da a makare. In ba za ka iya ba, ka rubuto ka faɗa, in san cewa mu biyu ne muke jiran gafararka.

Hadijatu tana gaida Saudatu. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan'uwanka,
Mukhtaru