Ki Zo Gida Ki Kwanta, Rifkatu

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gaishe ki, ke da maigidanki Bitrus, da abin da ke cikinki. Na kira ki na gaji, kullum kina cikin taro. Shi ya sa na zauna ina danna wannan a waya, harafi ɗaya-ɗaya, a inda mawaƙan majami'arku ta Kaduna ma za su gani. Kin san karatuna na tsufa ne, ki yi haƙuri da shi.

Bitrus ya gaya mini kin faɗi ranar Lahadi, kina tsaye kina ba da waƙa. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa. Ya ce likita ta ce jininki ya hau, ki kwanta. Kin kwanta da rana, da yamma kika ɗaura ɗankwali kika tafi koyon waƙa, wai bikin godiyar kaka ya kusa, ba mai riƙe muryar mata sai ke.

Daga Litinin zuwa Juma'a kina aji da yara. Asabar wanki da cefane. Lahadin da kike kira ranar hutu kuwa, tun sujadar safe ba kya dawowa sai an gama ziyarar marasa lafiya. Kin ɗauka in dai aikin na Allah ne, jiki ba ya jinsa. Yana ji, Rifkatu. Yanzu ma ku biyu ke ji.

Tun kina ƙarama haka kike. Wata Kirsimeti kin yi ta kai wa maƙwabta shinkafa har muka same ki a zauren Hajiya Asabe kina gyangyaɗi, kwano a hannu. Marigayi babanku ya ce, “Yarinyar nan ba ta san amfanin kujera ba.” Muka yi ta dariya. Yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na koyi karatu a ajin Zumuntar Mata, da yatsa nake bin Littafi, don haka ba abin da ke wuce ni. A nan na ga Yesu ya yi barci cikin jirgi, har da matashin kai. Na daɗe a kan matashin nan. Ga jama'a na jiransa a hayi, amma ya kwanta.

Haihuwar fari a gida ake yin ta, kin sani. Na share ɗakinki, na sa an gyara gidan sauro. Ni ma na gaji, 'yata. Gwiwoyina ba sa son zaman suya, barci kuma ya ƙi tun da na ji labarinki. Na bar wa Ladi, matar yayanki, kaskon ƙosai da wurina na bakin ƙofar makarantar Kongo har sai kin sauka lafiya.

Ku kuma mawaƙa, ina roƙonku, ku nemi wata ta ba da waƙar bana. Ita ba za ta iya ce muku a'a ba.

Allah ya saukar da jinin nan, ya raba ku lafiya, ya ba ki zuciyar zama. In ba ki zo ba, ni zan hau mota in zo, in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarki. Sai dai ki tsallake ni.

Taki,
Mama, daga Tudun Wada