Dada Ba Ta Ci a Hannuna

Barade, Jalingo
Ran Talata

Ƙanwata Mahbuba,

Salamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya jego, ya maigidanki da mutanen Gombe? Mu nan jam muke, lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kar ki yi dariyar rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya. A littafin 'yata Bushra na rubuta, zan ɗauki hoto in turo miki. In na kira ki a waya, Dada na jin muryarki za ta fizge wayar, ba na samun in faɗi komai.

Yau wata biyu da na baro Mutum Biyu na zo jinyarta, har yanzu ban gane garin nan ba. Keke ya kusa kwashe ɗana Siraju sau biyu a ƙofar gida. Bushra ta shiga makaranta, yara na ce mata 'yar ruga, kullum da kuka take dawowa.

Likita ya ce gigin tsufa ne, maganinsa haƙuri. Da safe Dada za ta ɗauki ƙwarya wai za ta tatsa, shanun da aka sayar tun ba a haife ki ba. Shekaranjiya a hanyar Kona aka tsinto ta, takalmi ƙafa ɗaya. Yanzu kulle get nake. Ita da Siraju faɗa suke a kan ƙosai kamar sa'o'in juna, shi ɗan shekara uku. Ta ƙwace nasa ta tura ƙarƙashin filo, yana kuka tana kuka, ban san wanda zan fara rarrashi ba.

Duk wannan zan iya. Abin da ke ci na daban ne, kuma zan faɗa miki ko za ki ji haushi.

Ni nake wanke zannuwanta in ta ɓata. Ni nake dama kunu. Amma daga asuba sunanki ne a bakinta, Mahbuba, Mahbuba. In na shiga ɗakin sai ta ja mayafi ta juya wa bango. In na miƙa mata kofi ba ta karɓa. Sai Lois, maƙwabciyar nan mai suyar awara, ta shigo ta ce, "Mama, ka sha mana, ka sha kaɗan." Sai ki ga Dada ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Kunun da ni na dama. Ina tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu kamar 'yar aiki.

Na san an ba Goggo ni tun ina yaye, ke ce kika tashi a gabanta. To amma ni ma ita ta haife ni ko?

A gai da jaririn. Allah ya raya.

Yayarki,
Asta

*

Gombe
Ranar Alhamis

Adda Asta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, na karanta shi sarai, kuma rubutunki ba abin dariya a ciki. Ina yi miki sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da Aljanna.

Game da abin da kika ambata, kada ki sa shi a ranki. Ke ce 'yar fari. Kunya ce irin ta iyayenmu, kin fi ni sani.

Ga wasu abubuwa da zan so a kiyaye. A riƙa ba ta maganin hawan jininta bayan karin kumallo, ba kafin ba. A ɗauke ashana da wuƙaƙe daga ɗakinta. A rubuta lambar waya a ɗinke mata a gefen zani saboda fita. Tunda tana ci a hannun Maman Success, wato Lois, to alhamdu lillahi, a bar ta ta ci gaba. Matar kirki ce, shekara ashirin muna tare da su, ni ma ta goya ni. Ki gaishe min da ita sosai.

Zan zo da zarar na yi arba'in kuma an ba ni hutu a makaranta.

Ki shafa min kan Bushra da Sirajuddeen.

Ƙanwarki,
Mahbuba

*

Barade
Ran Laraba

Mahbuba,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na ga takardarki mai kama da ta asibiti. Ashana na ɗauke tun ran da na zo, ba sai an faɗa min daga Gombe ba.

Kin ce kunya ce. Mahbuba, matar da ta yi sallar azahar raka'a tara ran Asabar, matar da ta manta hanyar bayi a gidanta, ita za ta tuna da kunyar 'yar fari? Abin da ya fi kunya ma ta manta. Ba ta san ni ba ne kawai. Ko ta san ni ba ta so na.

Bari in faɗa miki abin da na yi, gara ki ji a bakina. Ran Lahadi Lois ta dawo coci ta leƙo, Dada ta kama hannunta tana shafawa tana mata dariya. Ni ban taɓa ganin haƙoran Dada ba sai a kan wani. Da Lois za ta fita na bi ta har zaure na ce mun gode, amma ta huta, uwata ce, zan iya. Ta kalle ni ta ce, "To Asta, in ya ƙi ci ka buga katanga." Na ce ba zan buga ba.

Na ce a raina yunwa za ta sa ta karɓa. Na yi kunun gyaɗa, ta ƙi. Na nemo kindirmo mai kyau na dama mata fura da hannuna, na durƙusa na ce Dada useni, don Allah, ko cokali ɗaya. Ta rufe fuska. Litinin haka. Jiya da hantsi ta tashi za ta fita ta zube a tsakar gida, Allah ya so ba ta karye ba. Bushra ce ta ce min, "Inna, za ki kashe ta ne?" Yarinya 'yar shekara bakwai.

Na buga katangar. Lois ta zo da hannunta duk mai, ta ba ta furar nan. Tas ta shanye. Na shiga kicin na yi kukana, Siraju ya biyo ni yana tambaya wa ya doke ni.

Maigidana Auwal ya kira. Shinkafa ta isa yanka, ba mai dafa wa masu aiki, ya ce tun yaushe. Na ce ya turo mota ran Juma'a ta sama. Tunda ke take kira, kuma a hannun Lois take ci, ku biyu kun ishe ta. Ki san yadda za ki yi. Ni a can ko kaza na kira tana zuwa.

Ki yafe ni in na faɗi ba daidai ba.

Asta

*

Gombe
Daren jiya na rubuta, yau Juma'a nake turowa

Adda,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku. Ki yi haƙuri da waccan takardar, na rubuta ta ne kamar ina gaban aji.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Da na zo babbar salla, kafin ki zo, Dada ta rungume ni tana Mahbuba, Mahbuba, na ji daɗi. Can mai ruwa ya shigo da jarkoki, shi ma ta ce masa Mahbuba, da gemunsa. Da na zauna ina ba ta abinci ta ci sosai, sannan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce? Uwarki ta iya tarbiyya." Sunana ne ya rage mata, ni na tafi. Duk wanda ta ci a hannunsa baƙo ne a wurinta, Adda. Ni da Lois da kowa.

Ke kaɗai take ja wa mayafi. Ta manta raka'a, ta manta Baffa da ta zauna da shi shekara arba'in, amma kina shiga ɗaki jikinta ya san wadda ta shigo.

Kina kishina? Ni na girma da naki. Duk ran da baƙo ya zo daga Mutum Biyu, Dada ba za ta tambaye shi komai ba. Za ta ɗauki rariya ta zauna bayan ƙofa tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Bayan an jima ta aike ni, "Je ki ji ko waccan ta yi tsawo." Da salla atamfa biyu take saye, mai kyan ita ce ta Goggo, wai ko akwai yara a gidanta. Yarinya ɗaya ce a gidan Goggo. Akwai wata Asta mai kitso a layinmu, har ta tashi daga unguwar Dada ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "mai kitso". Ni kuwa sunana a bakin kowa, har da aike da faɗa.

Ba zan ce kar ki tafi ba, kina da miji da gona, ni kuma ban ɗauki ko kwana ɗaya na abin da kika ɗauka ba. Amma kafin motar ta zo ki gwada abu ɗaya. Ki ba Bushra kwanon ta kai mata, jika ba kunya a tsakani. Ke ki fita tsakar gida, ki bar ta ta ji motsinki daga nesa.

In kin tafi ma ba zan riƙe ki ba.

Ƙanwarki,
Mahbuba

*

Barade
Ran Lahadi

Mahbuba,

Salamu alaikum. Ya jaririn? Ki yi haƙuri sati biyar ban rubuto ba.

Motar ta zo ta koma ba ni. Ƙanwar Auwal ce ta yi musu girki. Na yi yadda kika ce, tana ci a hannun Bushra. Ni ina waje ina wanke-wanke da ƙarfi don ta ji. Na je na ba Lois haƙuri, ta ce in bar zancen, ta zubo wa Siraju awara.

Jiya da la'asar Bushra na islamiyya, na shiga zan ajiye kunu in fita. Dada ba ta ja mayafi ba. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, ta ce, "Sannu baiwar Allah, zauna mana." Ta karɓi kofin a hannuna ta sha. Ta ce daga ina nake. Na ce Mutum Biyu. Sai ta kama hannuna da sauri ta ce tana da wata a can, fara, doguwa, an ce ta iya dama fura, ko na san ta? Na ce na san ta. Ta ce, "Tana da lafiya? Ba sa sa ta aiki da yawa?" Na ce lafiyarta ƙalau.

Ban san me ya sa ba na ce, "Dada, mene ne sunanta?" Ta yi dariya har na ga haƙoranta, ta ce, "Ke ba ki da ta ido. Wa ke faɗar wannan sunan?"

Yau da safe ma ta ci a hannuna, ta ce min Mahbuba.

Ki zo in kin samu hutu. Ina nan.

Yayarki,
Asta